Ciyawar Aro

Ɗan yayata ya koyi zanen gini da kwamfuta a Sakkwato, kuma hannunsa ya faɗa. Bara, bayan babbar salla, mutanen unguwarmu a Isa suka ce ya zana musu yadda makarantar Islamiyyar da suke son ginawa za ta kasance, don a buga a bana a kai wa masu hali. Kwana uku ya yi a kai, yana yi yana jiran rana ta cika masa batirin sola. Da hoton ya fito kowa ya yaba. Ga ajujuwa, ga baranda, ga inuwar ginin ta kwanta daidai. A gaban ginin kuma ya shimfiɗa ciyawa kore shar, gajera, kai ɗaya kamar an yi mata aski, tun daga bakin ƙofa har inda ido ya tsaya.

Kawuna, wanda ya tsufa yana yankan gamba yana saƙar zana, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Bai ce komai kan ginin ba. Cewa ya yi, "Kai yaro, wanga haki ba na ƙasag ga ba na. Ko akuya ta gan shi sai ta tsaya tambaya."

Aka yi dariya aka watse, ni kuwa maganar ta zauna mini. Tun daga ranar na fara lura da hotunan da ake liƙawa a allunan kwangila da banonin taro da shafukan masu sayar da filaye a Facebook. Asibiti ne ko tasha ko rukunin gidaje, a Sakkwato ne ko Gusau ko Maraɗi, ciyawar guda ce. Ita ce dai irin wadda muka fara gani a shagunan intanet a fuskar Windows XP, tudun nan mai kore da shuɗin sama. Shi wancan ma hoton gaske ne, Charles O'Rear ya ɗauke shi a 1996 a Kalifoniya lokacin ruwan can. Tudunsu ne, damunarsu ce. Mu ne muka mai da shi ma'aunin kyau.

Ba na ganin laifin kayan aikin. Abin da yaro zai yi yau da laftof a ɗakinsa, a da sai babban kamfanin fim. A 1983 William Reeves, yana Lucasfilm, ya bayyana dabarar watsa dubban ƙananan abubuwa a hoto maimakon zana su ɗaya-ɗaya, kuma da ita aka yi daji da ciyawar ɗan gajeren fim ɗin André da Wally B. a 1984. Har gobe tushen aikin ke nan. Mai zane ya ƙera ƙwayar ciyawa biyar ko goma, ya ce wa manhaja ta watsa kwafinsu dubu ɗaruruwa a fili, wannan ta fi tsawo, waccan ta karkata, wata ta ɗan bushe. Sai ya saita rana, kwamfuta ta lissafa yadda haske ke ratsa kowane ganye, ta wanke hoton, abin da masu sana'ar ke kira renda. Manhajar Blender kyauta ce tun 2002, kuma da ita aka yi Flow, fim ɗin Latbiya da ya ci Oscar a 2025. Masu zanen gini kuwa sun fi riƙo da Lumion da Twinmotion, inda ciyawa ke zuwa a shirye, ka taɓa fili kawai ya yi kore.

Wannan sauƙin ne ya sa muka daina dubawa. Yaro ya ga ƙwayoyin ciyawa sun yi yawa, kowace da inuwarta, iska na kaɗa su, sai ya ce ai ta yi kamar gaske. Gasken ina?

Ƙasar Gobir ba ta rasa ciyawa ba, haki dai muke ce mata, kuma kowace da sunanta da halinta. Gamba ba ta shimfiɗuwa kamar darduma, tushe-tushe take fitowa da ƙasa tsirara a tsakani, kuma kafin kaka ta wuce tsawon mutum. Kyasuwa idan ta fid da kai sai ka ga fili ya yi ja-ja mai laushi, musamman da la'asar idan rana na bayanta. A jigawa ƙarangiya ce sarauniya, wadda duk wanda ya taɓa kiwo ya san ta a bakin wandonsa. Ga burburwa mai kai kamar hayaƙi, ga harkiya da ake ɗauro wa dawaki, ga gude-gude a gefen hanya. Ka gangara fadamun Bunsuru da Gagare, ko wajen Sabon Birni inda gulbin Maraɗi ke shigowa, sai launin ya sake, kore mai duhu a kan baƙar laka. Tsakanin wannan duka akwai sabara da kalgo da tumfafiya, da turbar shanu, da tudun gara, da wurin da awaki suka cinye har ƙasa. Filin da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to babu mai rai da ke zaune kusa da shi.

Sannan ga lokaci. Korenmu na wata uku ne zuwa huɗu. Sauran shekara ciyawa ruwan ƙasa ce, ko fari-fari, ko baƙin toka inda wuta ta bi. Da hunturu hazo na cinye nesa, bishiyar da ke can gaba ta zama inuwa kawai, rana ta zama farin faifai. Manhajojin nan duk suna iya yin hazo, amma ban taɓa ganin wanda ya sa shi a hoton kwangila ba. Na taɓa ganin wani zane da aka sa gawo cike da ganye a tsakiyar ciyawar damina. Wanda ya yi shi ya yi ƙoƙari, tunda har ya nemo bishiyar gida, sai dai ko ɗan kiwo ya san gawo da damina yake kaɗe ganyensa, sai rani ya yi ado.

Za a ce mini hoton talla ne, ba a tallan abu da fuskar talauci. Ban yarda bushewa talauci ba ce, wanda ya ga gamba ta nuna da hantsin kaka ya san haka. Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. Ciyawar da ake askewa kai ɗaya ruwa take sha kullum, da mai ban ruwa, da injin yanka. Idan ka shimfiɗa ta a gaban makarantar da yaranta za su riƙa ɗebo ruwa a jarka, ka yi wa masu ba da gudummawa alkawarin da babu wanda ya yi niyyar cikawa. Ranar buɗe gini sai a ga rairayi da ƙarangiya, mutane su ji kamar an rage musu wani abu, alhali ginin ne cif yadda aka zana. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Waɗanda muke kwaikwayo ma ba haka suke aiki ba. Fim ɗin The Lion King na 2019 kusan komai na cikinsa har da ciyawa kwamfuta ce ta yi, amma sai da masu shi suka taka zuwa Kenya suka ga yadda abin yake. Su sun tsallaka teku don su kalli ciyawar Afirka, mu tana bayan gidanmu muna saukar da ta wasu da datar da muka saya.

Na san "bayan gida" ba ta da sauƙin faɗa a Isa yanzu. Dajin Gundumi, wanda Bature matafiyi Barth ya ratsa a 1853 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, yau ba wurin da za ka tura yaro da kyamara ba ne, gonakin da ke nesa da gari ma da yawa an bar su saboda 'yan bindiga. Shi ya sa abin ya fi zama dole. Yaran da ke tasowa a cikin gari ko a gudun hijira, da yawansu a waya za su fara ganin dajin ƙasarsu. Idan ma'abota zanenmu ba su ƙera gamba da kyasuwa da burburwa sun ajiye inda kowa zai ɗauka ba, ba na jin wani a Turai zai tashi ya yi mana.

Kuma ba sai an shiga daji ba. Masu haki na kawo shi kasuwa dami-dami. Ɗan yayata ya sayi na gamba da na kyasuwa, ya baje a tsakar gida, ya ɗauki hotonsu ta kowace fuska, ya zauna ƙera su. Sati biyu ya yi, har kwamfutar ta riƙa zafi tana tsayawa. Da ya sake kai wa kawu, tsohon ya matso da wayar kusa da ido, ya ce gambar ta yi, sai dai wadda ke kusa da katanga ta cika tsawo, don awakin maƙwabta ba za su bar ta ta kai haka ba. Yaron ya koma ya rage ta.