Zaɓin Angelina da gwaggon da ba a faɗin ciwonta

Ƴan'uwa, duk watan Oktoba, lokacin da ake gangamin faɗakarwa kan ciwon dajin nono, sai labarin Angelina Jolie ya sake tasowa a wayoyinmu, da Faransanci ko da Hausar da wani ya juya a gaggauce, a ƙarƙashi kuma a rubuta: ku je ku yi gwaji. Kaɗan ne cikinmu sunka karanta ainihin rubutun nata. Gajere ne, ya fito a jaridar New York Times ranar 14 ga Mayu 2013, kuma taken da ta sa mishi, in an juya, yana nufin zaɓina game da lafiyata. A kan wannan "zaɓina" ɗin nake da magana.

Ga abin da ta kawo. Mahaifiyarta ta yi kusan shekara goma tana fama da kansa, ta rasu tana da shekara 56. Ita Angelina ta yi gwajin jini, anka gano tana ɗauke da tawaya a wata ƙwayar gado da ake kira BRCA1. Aikin ƙwayar ga a jiki shi ne gyaran ɓarnar da ke faruwa cikin ƙwayoyin halitta. In ta samu tawaya, ɓarna sai ta taru har ta zama kansa. Likitocinta sunka kiyasta mata haɗarin kansar nono kashi 87 cikin ɗari, ta gidan ƙwai kashi 50. Tana da lafiyarta lau, ta sa anka cire mata nono biyu, anka sake gina su, haɗarin ya sauko ƙasa da kashi 5.

Sai a yaba mata inda ta cancanta. Ba ta yi kuri ba, ba ta ce kowace mace ta bi sawunta ba, kuma ta faɗa da bakinta cewa kansar nono ta gado ƙaramin kaso ce cikin duka. Abin da ya fi burge ni ma ba yankan ba ne. Ta faɗi ciwon da ya kashe uwatta, ta faɗi shekarunta. Ku tuna yadda muke sanar da irin wagga mutuwa a Bazaga ko Ƙonni: "ta rasu bayan doguwar jinya." In ka matsa, a ce ciwon ajali. In ka ƙara matsawa, wani ya raɗa maka cewa hannu anka sa mata. Kalmar nono kuwa ba ta fita gaban maza, kunya ta hana.

Amma rubutun na wadda ke da hanya ne, kuma masu hanya yake wa magana. Maganar kuɗi sakin layi ɗaya ta samu: gwajin a lokacin ya haura dala 3,000. Dalar Amurka fa, ba dalarmu ta biyar-biyar ba. Wajen miliyan ɗaya da rabi na sefa ke nan a canjin shekarar. Gaskiya farashi ya faɗi bayan da kotun ƙolin Amurka ta yanke, a watan Yuni 2013, cewa kamfanin Myriad ba shi da ikon mallakar ƙwayar gadon da ke jikin mutane. To ko da kyauta ne, bayan gwajin sai mi? Amfaninsa yana ga abin da ke biye da shi: hoto duk shekara, likitan fiɗa, magani. Nijar ba ta fara gashin kansa ba sai 2021, a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai, fiye da kilomita 400 daga nan. Matar da ke ƙauye, wadda sai ƙullutu ya fashe ake ɗora ta a mota zuwa Ƙonni ko Galmi, takardar da ke cewa kashi 87 ba ta ƙara mata komai sai rashin barci. A Amurkar ma, wani bincike da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2016 ya nuna gwajin ya ƙaru da kashi 64 cikin ɗari a makonnin farko bayan fitowar rubutun, amma yawan masu yin fiɗar bai ƙaru ba. Wato tsoro ya kai da yawa wurin gwaji waɗanda ba su ne ke cikin haɗarin ba.

Kada wani ya ce to ai ciwon Turawa ne. A Ibadan, binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta sunka fitar a 2018 ya duba mata 1,136 masu kansar nono, ya tarar kusan kashi 15 cikin ɗari na ɗauke da tawayar gado, kashi 7 a BRCA1, kashi 4 a BRCA2. Ibadan ba Adar ba ce, amma ta fi Los Angeles kusa da mu nesa ba kusa ba.

Yanzu ga inda taken nata ya gaza. Sakamakon irin wannan gwaji ba na mutum ɗaya ba ne. Wanda ke ɗauke da tawayar, kowane ɗa da ya haifa, namiji ko mace, rabi da rabi ne: ko ya gada ko ya tsira. Ranar da anka ce wa mace tana da ita, an yi magana a kan ƴan'uwanta, da ɗiyanta, da ɗiyan baffanta ko na kawunta, waɗanda ba wanda ya nemi izininsu. Angelina ta yi shawara da likitocinta, abokin zamanta na lokacin ya tsaya mata, magana ta ƙare. A nan kuwa kun san binciken da ake yi kafin aure. Tsohuwa guda ta ji labari a bakin rijiya, kafin kasuwar Laraba ta Ƙonni ta zagayo gidan ya samu suna, ƴanmatan gidan gaba ɗaya sun rasa manema. Wace uwa za ta je neman takardar da ke iya jawo wa ɗiyanta wannan? Rubutun bai san da wagga tambaya ba, masu yaɗa shi a wayoyi kuma ba su tsaya sun yi ta ba.

Akwai wani ruɗun da nake jiye muna. Gwajin gado da muka sani shi ne na sikila: AS ya auri AS, a iya haifar SS, don haka a duba kafin a ɗaura. Mutane za su ɗauki wannan ma'auni su ɗora a kan kansa, alhali ba ɗaya ba ne. A BRCA ba sai uwa da uba sun haɗu ba, gefe guda ya isa, kuma fasa auren zumunci ba ya kawar da ita. Sannan, tunda ciwon a jikin mace ya fi bayyana, laifin za a jibga wa tsatson uwa. Alhali namiji na ɗauke da ita shiru, ya miƙa wa ɗiyarsa, shi kansa kuma tana ƙara mishi haɗarin kansar mafitsara ta maza, har da ta nono. Gwaggonka da ta rasu tana da shekara 38, wadda ake cewa sammu ne, tana iya zama labarin ƙanwarka fiye da duk dangin inna.

Abin mamaki, abin da za mu iya ɗauka daga Angelina shi ne wanda masu yaɗa labarin ke tsallakewa. Kafin likita ya ɗebi jininta, sai da ya ji tarihin gidansu. Ko'ina a duniya daga nan ake farawa: wa ya yi ciwon, ta wane gefe, yana da shekara nawa, nono ɗaya ko biyu, akwai namiji ciki? Wannan ba ya cin ko dala, kuma shi ke sa ungozoma ko likita su ce wa mace kada ta jira ƙullutu ya yi zafi, tunda na kansa sau da yawa ba ya ciwo da farko. Amsoshin na nan wurin kakanninmu da sunka yi jinyar, sunka wanke gawar, sunka ga abin da idonsu. Mu da ke lakkwal mun iya rubuta BRCA1 a allo, amma nawa ne cikinmu za su iya zama gaban kaka su ce, "Iya, mi ya kashe gwaggo?"

Angelina ta san nata amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Ba a cika mako biyu da fitowar rubutun ba ƙanwar mahaifiyarta ta rasu da kansar nono, kuma a 2015 ita kanta ta koma anka cire mata gidan ƙwai.