Jigo da Salo a Faifan Farko na Françoise Hardy

A cikin wannan takarda muna so mu duba faifan farko na mawaƙiyar nan ta ƙasar Faransa, Françoise Hardy (1944-2024), wanda kamfanin Vogue ya fitar a ƙarshen shekarar 1962, tana da shekara 18 da haihuwa. Faifan bai zo da suna ba. Jama'a ne suka laƙaba masa sunan fitacciyar waƙar da ke cikinsa, watau "Tous les garçons et les filles".

Galibin masu sharhi sukan sa shi cikin jerin waƙoƙin "yé-yé", watau kiɗan samarin Faransa na wancan zamani, wanda yawancinsa waƙoƙin Amurka da Ingila ne aka juya zuwa Faransanci. A ganinmu wannan hukunci bai yi wa faifan adalci ba. Gaskiya ne akwai juyayyar waƙa a ciki, "Oh oh chéri", kuma ita ce kamfanin ya fi sa wa rai tun farko. Amma daga cikin waƙoƙi 12 da ke faifan, mafi yawansu Hardy ce ta tsara baitocinsu da kanta, abin da ba a saba gani ba ga 'yan mata mawaƙa a lokacin.

Babban jigon faifan shi ne kaɗaici. A fitacciyar waƙar, budurwa ce take yawo a titi ita kaɗai, tana kallon tsararrakinta kowa da masoyinsa. Ba ta zargi kowa ba, ba ta kuma yi kuka ba. Kalmomin na yau da kullum ne, muryar kuma a kwance take, babu ƙawa, babu kururuwa, kamar mai magana da zuciyarta. Wannan tsantseni shi ne ƙarfin salonta. Abin lura kuma, mutanen Faransa da yawa sun fara ganinta ne a talabijin daren 28 ga Oktoba, 1962, suna zaman jiran sakamakon ƙuri'ar raba-gardama.

Inda faifan ya gaza shi ne wajen kiɗa. Sau da yawa jita da ganga suna bin al'adar kiɗan rawa, alhali baitocin na neman natsuwa. Ita kanta mawaƙiyar ba ta gamsu da wannan kiɗa ba, daga baya ma sai ta koma ɗaukar faya-fayanta a Landan. Waƙar da muke ganin kiɗa da murya suka fi jituwa a cikinta ita ce "Le temps de l'amour", wadda Jacques Dutronc ya tsara wa kiɗa, mutumin da ta aura a shekarar 1981.