Linzamin Jitar Bes: Nazari a kan Kwamfiresa da Yadda Ake Zaɓenta

Tun daga shekarar 1951, lokacin da Leo Fender ya fitar da jitar nan mai tsirkiya huɗu da ya raɗa wa suna Precision Bass a jihar Kalifoniya ta Amurka, makaɗanta suke fama da wata illa guda, wadda ƙwarewar hannu takan rage ta amma ba ta kawar da ita ɗungurungum, wato rashin daidaito tsakanin sauti da sauti. Tsirkiya mai kauri takan yi ruri har ta cika ɗaki, siririya kuwa ta fito a raunane. Wani wuri a wuyan jitar sautinsa yana daɗewa, wani kuma ya mutu da wuri. Ga kuma makaɗin kansa, wanda in kiɗa ya yi zafi yatsunsa kan ƙara ƙarfi ba da saninsa ba. Da yake bes da ganga su ne sauran kiɗa ke dogara a kansu, ba ya halatta a bar bes yana bayyana yana ɓacewa. Wannan ne dalilin da ya sa aka jawo masa kwamfiresa, na'urar da asalinta ta gidajen rediyo ce, inda aka ƙirƙiro ta don kada murya mai ƙarfi ta rinjayi injin watsa shiri.

Aikinta kamar na linzami ne a hannun mahayi: ba hana doki gudu yake yi ba, sai dai ya tsare shi in ya nemi wuce gona da iri. Akwai haddin da ake ɗiba mata, duk sautin da bai kai shi ba sai ta ƙyale shi, wanda ya ƙetare shi kuwa ta danne shi gwargwadon wata nisba. Idan nisbar 4 da 1 ce, sautin da ya haura haddi da desibel 8 zai fito da ƙarin desibel 2 kacal, idan kuwa aka kai 10 da 1 ko fiye, to an shiga babin tarewa ke nan, ba sassauci. Bayan wannan sai saurin kamu, wato jinkirin da take yi kafin ta danne, da saurin saki, wato lokacin da take ɗauka kafin ta sake sautin, daga ƙarshe kuma mamurɗin ramuwa, wanda ke ɗaga ƙarar baki ɗaya don a cike abin da dannewa ta cinye.

A nan ne bes ya sha bamban da sauran kayan kiɗa, kuma a ganina duk wanda bai fahimci wannan mas'ala ba zai yi ta sayen na'ura yana sayarwa bai gane inda matsalar take ba. Tsirkiyar ƙasa ta jita mai huɗu tana girgiza kamar sau 41 a sakan, ta mai biyar kuwa kamar sau 31, ma'ana girgiza ɗaya tak takan ɗauki kusan milisakan 24 a ta farko, fiye da 30 a ta biyu. To, idan aka sa kwamfiresa ta riƙa kamu da saki cikin lokacin da bai kai wannan ba, sai ta daina bin ƙarar sautin, ta koma bin tudu da kwarin kowace girgiza, tana murƙushe siffarta, abin da kunne ke ji a matsayin wani kurman-kurman mai datti a ƙarƙashin kiɗa. Bugu da ƙari, galibin ƙarfin lantarkin bes a sautukan ƙasa yake, saboda haka na'urar da ba a gina ta da wannan lura ba takan firgita da zarar an taɓa babbar tsirkiya, ta danne komai har da kaifin da ke sa a gane wace tsirkiya aka kaɗa.

Da yawa daga cikin kwamfiresocin da ke kasuwa yau suna da salsala da ke komawa ga ɗaya daga cikin manyan na'urorin ɗakunan ɗaukar sauti na Amurka. Ta farko ita ce LA-2A ta kamfanin Teletronix, wadda Jim Lawrence ya ƙera a shekarun 1960, kuma hikimarta abar sha'awa ce: sautin da ya shigo yana haska wani ɗan faranti mai fitar da haske, hasken ya faɗa kan wata ƙwaya mai jin haske, ita kuma ta rage ƙarar. Da yake wannan ƙwayar ba ta farkawa farat ɗaya, kuma in za ta saki takan saki rabi da sauri, sauran a hankali, sai dannewar ta zo da taushi da natsuwa, ba a jin lokacin da ta kama. Mamurɗi biyu ne gare ta, shi ke nan. Ga mai kaɗawa da yatsu, mai son sauti mai kauri da daɗewa, ban san wata ɗabi'a da ta fi wannan dacewa ba.

Kishiyarta a hali ita ce 1176, wadda Bill Putnam ya fitar a 1967, mai aiki da taransista, wadda kamunta yake tsakanin maikirosakan 20 zuwa 800, wato ko a mafi jinkirinta ba ta cika milisakan ɗaya ba, nisbobinta kuma huɗu ne, 4 da 8 da 12 da 20. Tana da cizo, tana turo bes gaba, kuma ita ce ta fi dacewa da salon mari da fizga da Larry Graham ya shahara da shi tun yana tare da Sly and the Family Stone, salon da babban yatsa ke dukan tsirkiya har ƙara ta yi tsalle nan take. Amma saurin nan nata shi ne haɗarinta, bisa hujjar da muka ambata, don haka mai amfani da ita a kan bes wajibi ne ya kula da sakinta. Ta uku ita ce dbx 160 ta kamfanin David Blackmer, wadda ta fito a shekarun 1970, mai tsabta da bin umarni, tana yin abin da aka ce mata ba tare da ta shafa wa sautin wani launi mai yawa ba. Akwai kuma Fairchild mai kwalaben lantarki, wadda aka yi aiki da ita a Abbey Road ta Landan, amma tsadarta da nauyinta sun fitar da ita daga wannan magana.

Da yawa daga cikin waɗanda makaɗi ke takawa da ƙafa a dandali 'ya'yan waɗannan ne. MXR M87 ta ɗauki tsarin 1176 har da nisbobinta huɗu, kuma tana da jerin ƙananan fitilu da ke nuna yawan abin da ake dannewa, ta yadda in ka kaɗa a hankali ka ga ɗaya ko biyu sun kama, in ka mari tsirkiya ka ga jerin ya ruga sannan ya dawo, daga saurin dawowarsa kuwa ka gane ko sakin ya dace da takun waƙar. Cali76 Compact Bass ta kamfanin Origin Effects na Ingila ita ma daga wannan tsatson take, sai dai ta ƙara abubuwa biyu da nake ganin sun fi komai amfani ga bes: mamurɗin da ke gauraya sautin asali da wanda aka danne, da matatar da ke hana sautukan ƙasa firgita na'urar. Ta Empress, daga Kanada, tana da waɗannan duka har da fitilu. EBS MultiComp ta Suwidin da SpectraComp ta TC Electronic sun bi wata hanya, ta rarraba sauti kashi-kashi a danne kowane kashi dabam, ta biyun ma mamurɗi ɗaya gare ta. Amma Dyna Comp da danginta, duk da martabarsu a wurin masu ƙaramar jita, ba don bes aka yi su ba, kuma sau da yawa sukan rage masa kauri.

Wajen gwaji, sharaɗi na farko shi ne a daidaita ƙarar fita har ta zama ɗaya ko na'urar tana kunne ko tana kashe, domin kunnen ɗan Adam yana da son zuciya, duk abin da ya fi ƙara sai ya yanke masa hukuncin ya fi daɗi. Sai a gwada da jitar da mutum ke kiɗa da ita, musamman in mai batir ce a ciki, don irin wannan tana turo lantarki mai yawa, wata na'urar kan shaƙe. A kuma yi shiru a saurara, gama ramuwa tana ɗaga kowace ƙara, har da gunjin da wutar janareta ko tsohuwar waya ke shigarwa. In da hali a yi gwajin tare da mai ganga, a nemi dannewar desibel 3 zuwa 6 da nisbar 4 da 1.

Hukuncina ga mai saye na farko shi ne ya guji mai mamurɗi ɗaya duk da sauƙinta, domin ba za ta koya masa abin da take yi ba. Ya nemi mai fitilun nuni, mai mamurɗan kamu da saki dabam-dabam. In kuwa jitarsa mai tsirkiya biyar ce, kada ya biya kuɗi sai ya tabbatar tana da matatar sautukan ƙasa ko mamurɗin gauraya.