Tsoron Wa Ake Nunawa? Wakilci a Finafinan Zullumin Cikin Gida

Akwai reshen finafinan Amurka da ba ya buƙatar yaƙi ko aljanu kafin ya tayar wa mai kallo hankali, domin haɗarin a cikin gida yake kwana: miji mai fuska biyu, farkar da ta ƙi rabuwa, ko mai reno da ta shigo da mugun nufi. Daga Gaslight na 1944 zuwa Fatal Attraction na 1987 da Gone Girl na 2014, gidan da ake fargabar rushewarsa kusan iri ɗaya ne, na farar fata masu rufin asiri.

Baƙar fata kuwa a bakin ƙofa ake ajiye shi. A The Hand That Rocks the Cradle na 1992, Ernie Hudson ya fito a matsayin Solomon, mai gyare-gyaren gida. Mai renon ta ƙulla masa sharrin lalata da 'yar gidan, aka kore shi, ya kuma dawo ya taimaki waɗanda suka kore shi. Baƙin cikinsa bai dami labarin ba, amfaninsa ga iyalin kawai ake so.

Kamfanin Screen Gems ya sauya fuskoki: Obsessed na 2009 da Beyoncé da Idris Elba, sai No Good Deed na 2014 da The Perfect Guy na 2015. Kowannensu ya zo na ɗaya a cinikin makonsa na farko a Amurka, wanda ya tabbatar da cewa 'yan kallo suna nan. Sai dai an sauya mazauna ne, ginin yana nan yadda yake. A Obsessed farar mace ce ke farautar baƙin magidanci, kuma a tarihin Amurka zargin farar mace kaɗai ya sha jawo wa baƙar fata kisan gilla, amma fim ɗin bai ko kalli wannan ba. Marubucinsa da daraktansa duk fararen fata ne.

Jordan Peele ne ya taɓa tushen a Get Out na 2017. Da fitila irin ta motar 'yan sanda ta hasko a ƙarshe, gaban mai kallo faɗuwa yake yi saboda jarumin baƙar fata ne, alhali a sauran finafinan nan ne ake ajiyar zuciya. Rubutun ya ci kyautar Oscar a 2018. Bong Joon-ho na Koriya ta Kudu kuma, a Parasite na 2019, ya tsayar da kyamara wajen barori, har mai kallo ya ga gidan attajiri da idon mai goge shi.

Saboda haka ƙidayar fuskoki a fosta ba ta isa ma'auni ba. A duba wanda aka sa mai kallo ya ji wa tsoro, da wanda ake gaskatawa idan ya yi kuka, da wanda ya riƙe alƙalami. Fim ɗin da ya faɗi a waɗannan uku, ado ya yi da bambancin launi, bai wakilci kowa ba.