Littattafan Gane Tsuntsaye da Kurmin Kagoro

Littafin gane tsuntsaye, wato wanda mai sha'awar halittun daji yake riƙewa a hannu domin ya tantance irin tsuntsun da ya gani, nau'in rubutu ne da ya ginu kan zanen tsuntsun, da taƙaitaccen bayanin kamanninsa da kukansa, da kuma 'yar taswira mai nuna inda ake samunsa. A Afirka ta Yamma abin ya faro ne da manyan kundaye, domin aikin David Bannerman mai suna The Birds of Tropical West Africa ya fito cikin juzu'i 8 tsakanin 1930 da 1951, kuma ya dogara ƙwarai ga fatun tsuntsayen da aka harbo aka adana a gidajen tarihi na Turai. Sai a 1977 William Serle da Gérard Morel suka fitar da wanda ke shiga jaka, sannan Nik Borrow da Ron Demey suka biyo da Birds of Western Africa a 2001, wanda shi ne madogarar yawancin masu wannan harka a yau.

Kudancin Kaduna wuri ne da ke bayyana iyakar wannan nau'in littafi fiye da sauran sassan Arewa. Duwatsun Kagoro, da ke daf da Kafanchan a gefen kudu maso yamma na tsaunin Jos, suna tare iskar damina mai ɗauke da danshi, saboda haka ruwan sama ya fi yawa a gindinsu, har kurmi, wato daji mai dogayen itatuwa da duhuwa, ya kafu a tsakiyar ƙasar da ciyawa ta rinjaya. A cikin irin wannan kurmi, musamman gandun dajin Nindam, ana samun tsuntsayen da asalin mazauninsu dazuzzukan kudu ne, kamar yadda Dyer da Gartshore da Sharland suka nuna a jerin da suka buga a mujallar Malimbus a 1986, kuma daga baya ƙungiyar BirdLife ta sanya Kagoro da Nindam cikin wurare masu muhimmanci ga tsuntsaye. To amma taswirar littafin jaka ba ta wuce girman kan sarki na wasiƙa ba, alhali an cusa mata ƙasashe daga Senegal har Chadi, don haka gandun daji kamar Nindam ɗigo ɗaya ne kawai, idan ma marubucin ya samu labarinsa. Mai karatun da ya amince da launin taswira fiye da idonsa yana iya ƙaryata tsuntsun da ke gabansa.

Zanen ma yana gazawa a cikin duhuwa. Ƙananan tsuntsayen kurmi da yawa launinsu ɗaya ne, kore mai sirkin ƙasa-ƙasa, suna ɓuya a ganye, kuma da kuka ake rarrabe su, shi kuwa kukan an rubuta shi ne da haruffa bisa jin kunnen Bature, abin da ba lallai ya yi daidai da yadda manomin Kagoro yake jinsa ba.

Babban giɓin dai yana wajen suna. Da Turanci ko Faransanci aka rubuta waɗannan littattafai, tare da sunan kimiyya na Latin, ga shi kuwa Bahaushe ya san shamuwa da zuwanta gab da damina, ya san gauraka da burtu da cilakowa da carki, kuma masu magana da Tyap da Jju da Hyam suna da nasu sunaye da sanin da mafarauta suka gada. Abin lura shi ne littafin kifi ya riga na tsuntsu a nan, domin Fish and Fisheries of Northern Nigeria na 1967 ya kawo sunayen da masunta ke kiran kifaye da su, tun da jami'in kamun kifi ba ya iya aiki sai da harshen masu koma da taru. Rashin yin haka ga tsuntsaye asara ce ta gaske, saboda mutanen da noma da saran katako da itacen girki suka haɗa su da kurmin kullum, su ne littafin bai yi magana da su ba.

Gyaran taswira ya kankama tun 2015, lokacin da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos ta jagoranci shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai suna aika abin da suka gani ta wayar hannu. A irin wannan ma'auni Nindam yana da gurbinsa daban da filayen da ke kewaye da shi, kuma ana iya gwada abin da ya rage a cikinsa da jerin 1986.