Ɗinka Rigar Jiya da Allurar Yau

In sallah ta matso, ko za a yi naɗin sarauta, ko 'yan makaranta za su yi wasan kwaikwayo na tarihi, sai a shiga neman kayan gargajiya. Haka ake yi a Kornaka, haka ake yi a Maraɗi da Tsibiri, haka ake yi a Kano da Zariya. Tun da aka soma bikin Ranar Hausa ta 26 ga Agusta a 2015 neman ya ƙaru. Yawancin masu nema aro suke yi ko haya, su sa na wuni ɗaya, a ɗauki hoto, a mayar wa mai shi. Amma akwai 'yan tsiraru, cikin teloli da malaman makaranta da 'yan wasa da mata masu surfani a tsakar gida, waɗanda aro ba ya kashe musu ƙishirwa. Su so suke su ɗinka da hannunsu irin abin da kakanni suka sa, ko da ba wanda zai saya. Ina ganin girmansu ƙwarai, kuma saboda haka ne nake son in faɗi inda nake ganin aikin yake karkacewa: ana fara shi ne daga inda ya kamata a ƙare.

Ka tambayi mai wannan sha'awa abin da ya fi so a cikin babbar riga, zai ce maka aikin gaba. Yana da gaskiyarsa. Aska biyu da aska takwas, da gidan biyar, da tambarin da ke zaune a ƙirjin dama da wanda ke zagaye a gadon baya, su ne ido yake fara faɗa wa. Tsarin ma abin nazari ne. Aikin ba ya raba riga biyu daidai wa daida. Nauyinsa yana ɓangaren hagu, bisa babban aljihu, daga nan ya haura kafaɗa ya gangara baya, ta yadda in mutum ya naɗe hannayen rigar bisa kafaɗunsa, aikin yana nan a fili bai ɓuya ba. A da, mai zanawa daban, mai ɗinkawa daban. Sau da yawa malami ne yake zana fasalin da alƙalami da tawada, hannun da ya saba da rubutun allo da zayyana da hatimi, sannan a miƙa wa masu allura, su yi wata da watanni suna cike shi da dubban 'yan ƙananan huda, kowacce an zagaye bakinta da zare. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya shafe shekarun 1970 yana bin waɗannan zane-zane, har ya kammala digirinsa na uku a kansu a 1979. A Birnin Zariya kuma, aikin da a da na maza ne, mata suka shige shi a ƙarshen ƙarnin da ya wuce, suka riƙe shi da kyau.

To sai dai keken aiki ya riga ya koyi zana aska. Yau tela zai fitar maka da aska takwas bisa shadda cikin 'yan kwanaki, kuma daga nesa ba ka cewa komai. Da a ce aikin gaba shi ne rigar, da an gama magana. Amma duk wanda ya taɓa ɗaga tsohuwar riga ta saƙi daga cikin adaka ya san hannunsa ya gaya masa wani abu daban tun kafin idonsa ya kai ga askar. Nauyinta daban, saukarta a jiki daban.

Dalilin yana cikin ƙyallen. Tsohuwar riga ba daga yadi mai faɗi aka yanko ta ba. Daga ƙwarya aka haɗa ta, wato dogon siririn saƙa da masaƙi ke fitarwa, mai faɗin yatsu biyu zuwa huɗu, wani ma bai kai haka ba. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa zare da abawa da mazari. Masaƙi ya ja zarensa da nisa, ya ɗora dutse bisa kunkuru, ya zauna yana jefa ƙoshiya. Sannan maɗinki ya jera ƙwarya gefe da gefe, gommai, a riga mai daraja har sama da ɗari, yana haɗa baki da baki da ɗinki ƙanana. Kowane haɗi yana zama kamar ƙashi a jikin rigar. Shi ya sa take zubowa a miƙe, take riƙe ninki in an naɗe ta bisa kafaɗa, ba ta lanƙwamewa a jiki. Daga ƙugu zuwa ƙasa ana cusa 'yan ƙyallaye masu tsini tsakanin ƙwarya da ƙwarya domin gindin ya buɗe, mahayi ya samu ya baza ta bisa doki. Sai shafi, wanda ake bi da shi ta ciki a bakin ƙasa, sau da yawa da jan alharini. Mai tafiya a ƙasa ba a cika ganin shafinsa ba, sai iska ta ɗaga ko ya ɗaga ƙafa zai hau sirdi, sannan ja ya walƙa. Banda ado, shafin yana ba bakin rigar nauyi yana kuma kare shi daga zaizayewa. A wurina nan ne daɗin aikin yake, a haɗin ƙwarya da shafi, inda ba mai yaba maka sai wanda ya sani.

Ko sunayen rigunan sun nuna cewa mutanen da ƙyallen suke fara kallo. Saƙi, mai ɗigo-ɗigon baƙi da fari irin na jikin zabo. Tsamiya, wadda aka saƙa da silikin tsutsar da ke cin ganyen tsamiya, a dafa gidanta da ruwan toka, a kaɗa shi kamar auduga, ya fito da launin ƙasa-ƙasa marar ƙyalli wanda ba a rina shi. Barage mai ratsin ja. Kore, wadda aka tsoma a marina har ta yi baƙi, aka kai ta mabuga aka buge ta da shuni har tana sheƙi. Jan alharinin kuwa ta Sahara yake zuwa, ragowar siliki ne da fatake ke saukowa da shi daga Tarabulus, a warware shi a sake kaɗawa a nan. Colleen Kriger, wadda ta yi nazarin rigunan daular Sakkwato, ta nuna yadda riga ɗaya kan ratsa hannaye da garuruwa da yawa, daga ƙasar Nufe da Ilori zuwa Kano da Zariya, da yadda sarakuna suka mayar da ita abin kyauta da ake ɗaure biyayya da shi. Lokacin da Heinrich Barth ya ratso ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina, ya isa Kano a farkon 1851, abin da ya fi ba shi mamaki shi ne wannan sana'a. Ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kai wa Tambutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara.

Saboda haka wanda ya sayi farar shadda ya ɗora mata aska ya ce ya ɗinka rigar ƙarni na 19, ya ɗinka riga mai kyau ta zamaninmu ne. Ba laifi ba ne, babbar riga tana raye kuma tana da ikon canzawa. Laifin yana zuwa ne in an hau da ita dandali aka ce ga Bawa Jangwarzo, ko ga Ɗan Kasawa. Yaron da ya kalla zai tashi da wannan hoto a kansa, kuma da wuya littafi ya goge shi.

Akwai karkata ta biyu, wadda ta fi ta farko damuna, kuma Kornaka wuri ne mai kyau na ganinta. In aka ce kayan gargajiya, kowa sarki yake son zama: alkyabba, rawani mai kunne, riga mai aska. Ina talakawan suka tafi? Ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Dakoro, inda Kornaka take, yawancin garuruwanta manoma da mafarauta ne suka sare daji suka kafa su, suna matsowa arewa neman gona, suka tarar da makiyaya Fulani da Abzinawa da Buzaye, aka zauna tare. Kakan da ya sare wannan daji bai yi shi cikin babbar riga ba. Warki ya ɗaura, na fatar akuya ko tunkiya da aka jeme ta yi laushi, ko bante, da taguwa in ya samu, da malafa a ka. Matarsa ɗaurin ƙirji ta yi da zanen saƙa, baƙi ko mai ratsi, ta yafa wani. Mafarauci yana da rigarsa ta layu, wadda jini da hayaƙi da magani suka rine. Babbar riga mai aiki dukiya ce, ana gadonta, ana jinginar da ita, kuma gidaje da yawa ba su taɓa mallakar ko ɗaya ba. Wasan da ya tufatar da kowa kamar ɗan sarki ya shafe mafi yawan kakanninmu daga tarihinsu, kuma ya koya wa jikokinsu jin kunyar abin da ba abin kunya ba ne.

Ko ta fuskar sarauta ma, Kornaka ba Kano ba ce. Gidan sarautarta, wanda marigayi Sanusi Tambari Jaku ya fito daga cikinsa, asalinsa na Abzinawa ne. Mai son fitar da kamannin manyan wannan yanki na da dole ya san baƙin rawani da amawali, ya san turkuɗi. Abin sha'awa a nan shi ne, wannan ƙyalle da duniya ta san Abzinawa da shi, a ƙasar Kano ake yinsa, musamman a Kura: ƙwarya siririya wadda ba ta wuce faɗin yatsa ba, a haɗa ta, a rina, a buge da shuni har ya riƙa zuba a fatar mai sawa. Ayarin da ya sauko da gishiri da dabino shi yake komawa da shi. Ashe rawani ɗaya ya isa ya ba yaro labarin hanyar da ta haɗa Abzin da Gobir da Kano, in an ɗinka shi yadda yake. A gefe guda ga Wodaaɓe na ƙasar Dakoro, waɗanda matansu har yau suke yi wa doguwar rigar samari aikin allura mai launi-launi. Su ba raya tsohon abu suke yi ba, nasu bai mutu ba, kuma mai koyo zai ƙaru da zama kusa da su.

Ga mai son aikin da zai gwada ƙarfin hannunsa, ban san abin da ya kai lifidi ba. Ƙyalle biyu ne, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki layi-layi har ya yi kaurin da kibiya ba ta ratsawa da sauƙi, na mahayi daban na doki daban, a yi masa ado da ja da fari da baƙi. Dawakin Gobir da Katsina sun shiga yaƙi da shi, kuma har yanzu 'yan lifida suna fitowa a hawan sallah. Wanda ya ɗinka ko da rabinsa zai gane dalilin da ya sa ɗan lifidi in ya faɗo daga doki ba ya iya tashi sai an ɗaga shi.

Masu fim suna da nasu rabon a wannan zance. Lokacin da Med Hondo ya mayar da littafin Abdoulaye Mamani a kan Sarauniya Mangu fim a 1986, mayaƙanta na Lugu ba su fito cikin shadda ba, kuma wannan yana daga abin da ya sa mai kallo yake yarda da su. Finafinan tarihi da yawa da suka biyo baya, a Kano da wasu wurare, sun gwammace ƙyalli, har ka ga jarumin da aka ce ya rayu shekara ɗari biyar da suka wuce sanye da yadin da aka sauke daga kwantena bara.

Turawa masu irin wannan sha'awa suna da wata al'ada da ta cancanci aro. Tun shekarun 1960 wata Baturiyar Ingila, Janet Arnold, ta riƙa shiga gidajen tarihi tana juya tsofaffin tufafi ciki waje, tana auna kowane ƙyalle, tana zana yadda aka yanka shi da yadda aka haɗa, ta buga a littattafai. Da su masu ɗinki a can suke aiki har yau. Mu namu rigunan an fi ɗaukar hotonsu ta gaba, inda askar take. Akwai su a Gidan Makama a Kano, akwai su a gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, akwai da yawa a gidajen tarihin Landan da Balin. Amma waɗanda suka fi amfani ga telan Kornaka suna kusa da shi, cikin adakar tsofaffi, inda asu da gara ke aikinsu. Gani ya kori ji. Ya roƙi izini a shimfiɗa masa ita bisa tabarma, ya juya ta, ya ƙirga ƙwaryar gaba da ta baya, ya auna faɗin kowacce, ya duba inda aka cusa masu tsini da yadda aka kama bakin wuya, ya lura ko zaren haɗin na hannu ne ko na kanti. Ya kuma tambayi mai ita wa ya saya, a wace kasuwa, da me aka biya, a wane buki aka fara sa ta, domin wannan bayani yana mutuwa tun kafin ƙyallen ya mutu.

Wahalar da za ta tare shi ita ce samun ƙwarya. Masaƙa sun ragu ƙwarai, waɗanda suka saura ma zaren kanti suke sawa, masu kaɗi da mazari kuwa galibinsu tsofaffi ne. Wasu suna yanka yadi siri-siri su sake haɗawa don a ga layin ɗinki, amma yankakken yadi ba shi da bakin saƙa, dole a kalmashe shi, sai haɗin ya yi tudu. Gara a nemi masaƙi, ko da sai an aika Maraɗi ko Kano, a ba shi aikin ƙwarya kaɗan, a fara da 'yar shara ko taguwar yaro. Wanda ya haɗa ƙwarya goma da hannunsa ba tare da ta murɗe ba, shi ya isa ya fara tunanin aska.