Wai Halin Turawan Ingila: Nazari Kan Littafin Kate Fox

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya yi lise ya san karin maganar Faransawa, filer à l'anglaise, wato mutum ya sulale daga taro babu sallama kamar yadda wai Turawan Ingila ke yi. To su ma mutanen Ingila suna da tasu, wannan sulalewar suna kiranta tafiyar Bafaranshe. Kowa ya ɗora wa maƙwabcinsa rashin ladabin. Wannan kaɗai ya isa mu yi hattara da duk mai cewa ƙabila kaza ga halinta. Amma da yake maganar ba ta mutuwa, na ga ya dace mu duba littafin da ya fi yin suna kanta a zamaninmu, Watching the English, na Kate Fox, wanda ya fito a 2004, aka sake buga shi da ƙari a 2014.

Kate Fox masaniyar halayyar al'umma ce, kuma ƴar Ingila. Abin da ta yi shi ne ta juya madubi gida. Shekara da shekaru masana irinta na zuwa Afirka su zauna da kaye da bik suna rubuta yadda muke ci da yadda muke gaisawa, ita kuwa sai ta yi wa ƴan uwanta haka. Ta zauna mashaya, ta shiga jirgin ƙasa, ta riƙa bangazar mutane da gangan a hanya don ta ji me za su ce, ta kuma tsallake layi don ta ga yadda za su yi. Mafi yawan waɗanda ta bangaza su ne suka ce mata sorry. Daga ƙarshe ta yanke cewa tushen halinsu shi ne rashin sakewa da mutane, kuma raha, da kawaici, da girmama layi, da yawan ƙorafi a ɓoye, duk rassa ne na wannan tushe.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, inda littafin ya fi burge ni shi ne inda ta tsaya kan magana. Ta nuna cewa hirar yanayi da ake yi musu dariya a kai gaisuwa ce kawai. In Baturen Ingila ya ce maka yau akwai sanyi, ba labari yake ba ka ba, ƙofa yake ƙwanƙwasawa, kuma ladabi shi ne ka yarda da shi. Malinowski ya yi bayanin irin wannan magana tun 1923, magana ce da aikinta ƙulla zumunci. Mu ai ba baƙon abu ba ne gare mu. Wa ya taɓa amsa "ina gajiya" da lissafin ciwon bayansa? Haka ma sorry ɗin nan, ba kullum take nufin na yi laifi ba, sau da yawa tana kusa da "gafara dai" tamu. Brown da Levinson, a littafinsu na 1987, sun raba ladabi gida biyu: na jawo mutum a jiki, da na ba shi fili kada a takura masa. Fox ta nuna cewa na biyun ne ya fi ƙarfi a Ingila, shi ya sa baƙo ke ganin sanyin jini inda su suke ganin mutuntawa. Har kalmomi na tona asali a can. Mai cewa serviette ko pardon, kalmomin da mu muke ɗauka na ƴan boko ne, manyan gidajen Ingila na jinsa a matsayin mai ƙoƙarin hawa inda bai kai ba. Masanin harshe Alan Ross ya rubuta kan wannan tun 1954. A nan kam babu abin cewa, ta yi aiki.

Matsalata ta farko da littafin ita ce bayaninsa ba ya faɗuwa. In Baturen Ingila ya yi shiru a jirgi, rashin sakewa ne. In ya sha giya ya yi ihu ya fasa kwalba bayan wasan ƙwallo, shi ma wai rashin sakewar ce ta fito ta wata ƙofa. To me zai yi kenan da zai nuna marubuciyar ta yi kuskure? A lakwal an koya mana cewa hasashen da babu abin da zai iya ƙaryata shi bai cika ilimi ba. Maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, mun san irinsa a tashar mota.

Ta biyu ita ce tarihi. Littafin na magana kamar haka Allah ya halicce su. A 1499 Erasmus ya ziyarci Ingila, ya rubuta wa abokinsa yana mamakin yadda ake sumbatar baƙo da shigowa da fita. A 1649 suka sare kan sarkinsu Charles na Ɗaya, shekara 144 kafin Faransawa su yi wa nasu. A 1780 tarzoma ta ci Landan kwana da kwanaki, ɗaruruwa suka mutu. Sai a 1868 aka daina rataye mutane a bainar jama'a. Layin ma da suke alfahari da shi, kalmar da suke kiransa da ita, queue, Faransanci ce, wutsiya kenan, kuma a 1837 Carlyle ya kawo tsayawa layi a matsayin gwanintar Faransawa. Rabon abinci da kati, wanda aka fara a 1940 bai ƙare ba sai 1954, ya taimaka ƙwarai wajen mayar da layi abin tinƙahon ƙasa. Haɗiye hawaye kuwa makarantun kwana na zamanin Sarauniya Biktoriya suka cusa shi, don ana buƙatar samarin da za su riƙe daula. Da Gimbiya Diana ta rasu a 1997, duniya ta ga suna kuka a titi. Ashe hali koyonsa ake yi, kuma yana da ranar farawa.

Ta uku ta fi ci mini rai. Fox ta sa son adalci cikin manyan ɗabi'unsu, kuma a layin bas na yarda. Amma a tambayi Satiru kusa da Sakkwato a 1906, inda aka shafe gari bayan tawaye. A tambayi Amritsar ta Indiya a 1919, inda sojoji suka buɗe wuta kan taron mutanen da ba su da makami. A 2013 gwamnatin Birtaniya da kanta ta amince ta biya fam miliyan 19.9 ga ƴan Kenya 5,228 da aka azabtar a zamanin Mau Mau. Wanda zai auna halin mutane, sai ya auna shi har inda suke da ƙarfi kan wasu kuma babu mai ganinsu. Littafin bai leƙa can ba. Sannan wane ne ɗan Ingilar? Sadiq Khan, wanda ya zama magajin garin Landan a 2016, ɗan direban bas ne da ya zo daga Pakistan. Ɗan ma'aikacin tashar ruwa a Libaful da jikan mai gidan sarauta, tsakaninsu akwai tazarar da ta kai ta mu da su.

Akwai wani Baturen Ingila da ya yi mana irin wannan aiki, Anthony Kirk-Greene, a 1974, kan ma'anar mutumin kirki a wurin Bahaushe. Ya jero gaskiya, amana, karamci, haƙuri, kunya, ladabi da sauransu. Jerin ya yi daidai, amma kowa cikinmu ya san abin da muke yabo ne, ba abin da kowane Bahaushe ke aikatawa ba. Haka ya kamata a karanta Fox: hoton da wani sashe na mutanen Ingila ke so a gan su da shi, da dokokin maganar da suke bi don kare hoton.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne mu ma muna yi. A fada, ana shan shayi, za ka ji Bazabarme kaza, Buzu kaza, Bagobiri kaza. In wasan taubasantaka ne, to madalla, kowa ya san wasa ne. Ranar da aka ɗauke shi ilimi, har ya shiga zancen aure ko ɗaukar aiki ko zaɓe, ranar ya zama guba.

Shawarata ga mai koyon Ingilishi ita ce ya nemi littafin, zai gane abin da ƙamus ba ya faɗa, musamman yadda "ba laifi" a bakinsu kan zama babban yabo. Amma ya ajiye littafin tarihi a gefe yana dubawa.